Kyamara da Lensin da Suka Dace da Hutun Iyali a Jirgin Ruwa

Duk da Legas a bakin teku take, iyalin da za su yi hutun mako guda a babban jirgin ruwan shaƙatawa galibi ba daga Apapa za su hau ba. Sai sun bi ta filin jirgin sama na Murtala Muhammed zuwa Dubai, ko Jidda, ko Durban ta Afirka ta Kudu, ko Barsalona, can ne jirgin ke jiransu. Wannan kaɗai ya riga ya yanke rabin hukunci a kan kayan hoto. Jakar hannu a yawancin kamfanonin jiragen sama ba ta wuce kilo 7 zuwa 8, kuma kyamara da lensi da batura dole a cikinta za su zauna, tare da magunguna da takardu da canjin kayan ƙaramin yaro. Saboda haka shawararmu tun daga farko ita ce kyamara ɗaya, lensi mai zum ɗaya da zai wuni a jikinta, ƙaramin lensi ɗaya na dare, sai wani ɗan abu da ba ya tsoron ruwa. Duk abin da ya ƙaru a kan wannan sai ya kawo hujjarsa.

Dalili shi ne iyali ba sa jira. Mai hoton biki a Agege ko Idi-Araba yana iya tsayar da amarya ya canza lensi, ya gyara fitila, kowa ya haƙura domin aikinsa ke nan. Kai kuwa uba ne da ke riƙe da hannun ɗan shekara huɗu a kan matakala, uwargida na kira ka karɓi jaka, jirgi kuma yana da lokacin da ya ce kowa ya dawo. Hoton da za ka so bayan shekara goma cikin daƙiƙa biyu yake faruwa. Idan kyamarar tana ƙasan jaka saboda nauyi, ya wuce.

Jikin kyamarar

Kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. Kowace kyamara mai 20 zuwa 26 ta isa a wanke hoton da za a rataya a falo. Abin dubawa shi ne girman sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa, domin shi ke yanke girman lensi da nauyinsa. Babban sensa, wanda masu sana'a ke kira ful firem, milimita 36 ne a 24. Yana da kyau a duhu, amma lensinsa manya ne kuma da tsada. Na tsakiya, APS-C, kusan milimita 23 ne a 15, kuma shi muka fi ganin ya dace da wannan tafiya. A nan ake samun irin su Canon R50 da R10, Sony a6400 da a6700, Nikon Z50 II da Fujifilm X-S20. Canon R50 da batirinta da katinta gram 375 ce kawai, ba ta kai nauyin ƙaramar gorar ruwa ba. Dukkansu suna gane fuska da ido su bi su da kansu, kuma ga mai ɗaukar yaran da ba sa tsayuwa wuri ɗaya, wannan ya fi komai daraja.

Wanda yake da tsohuwar kyamara mai madubi a ciki, irin Nikon D3500 ko D5600 ko Canon 250D, ba sai ya sake saye ba. Sun ɗan fi girma, ba sa bin ido kamar sababbin idan ana leƙawa ta ƙaramar tagar, amma batirinsu yana da jimiri ƙwarai, D3500 takan haura hoto dubu da caji ɗaya. Gara ya sa kuɗin a lensi.

Akwai kuma wanda ba ya son batun cire lensi gaba ɗaya, kuma ba laifi ba ne. Sony RX100 VII tana shiga aljihun kaftani, nauyinta kusan gram 300, zum ɗinta daga 24 zuwa 200. Da rana ba za ka raina ta ba, da dare ne take nuna ƙanƙantar sensarta.

Abu ɗaya da ya kamata a yi kafin a biya kuɗi: a ba uwargida kyamarar ta riƙe, a ba babban yaro ma. Idan kai kaɗai ka iya sarrafa ta, za a dawo da hoto dubu biyu babu kai a ko ɗaya.

Lensi, inda maganar take

Lambar da ke jikin lensi mai mm a ƙarshe tana nuna faɗin abin da yake gani. Ƙaramar lamba tana kwaso wuri da faɗi, babba tana jawo na nesa. Sai dai an saba auna su da ma'aunin babban sensa, don haka a kan APS-C sai ka ninka da 1.5, a Canon kuma da 1.6. Lensin 18 zuwa 135 a kan Sony yana gani kamar 27 zuwa 202. Wannan tazarar ita ce kusan duk abin da hutun jirgi ke buƙata: ƙasanta na ɗaukar iyali gaba ɗaya a bakin tasha, tsakiyarta na ɗaukar fuska, samanta na kamo yaro yana sulalowa daga saman abin zamiya na wurin ninƙaya kana tsaye a inuwa.

Kowane kamfani yana da nasa. Sony na da 18-135mm mai gram 325, Canon na da RF-S 18-150mm mai gram 310, Nikon na da Z DX 18-140mm mai gram 315, duka da na'urar rage rawar hannu a ciki. Tamron na da 18-300mm wanda ya fi su nisa, amma gram 620 ne, kusan ninki biyu, kuma da yamma wuyanka zai gaya maka bambancin. Mai babban sensa ya nemi 24-105mm ko 24-120mm mai f/4, idan kuma nisa ya fi damunsa, ga Tamron 28-200mm na Sony, ko 24-200mm na Nikon, ko 24-240mm na Canon.

Masu son tsantsar kaifi za su ce irin wannan lensi bai kai lensi biyu ko uku da aka raba wa aikin ba. Gaskiya ne, a gefunan hoto da kuma ƙarshen zum akwai ɗan laushi. Amma ka auna da abin da ke ɗaya gefen. A saman jirgi iska ba ta tsayawa, kuma ɗauke take da ƙananan ɗigon ruwan gishiri da ido ba ya gani. A bakin teku ga yashi. Duk lokacin da ka cire lensi, cikin kyamara a buɗe yake, kuma a sababbin kyamarori marasa madubi sensar tana nan kusa da baki, tsirara. Ƙura ɗaya ta zauna a kanta, za ta fito kamar baƙin tabo a sararin samaniyar kowane hoto har ƙarshen tafiya. Gishiri kuwa ba ya tafiya da hurawa. Idan dole ne a canza lensi, a yi a ɗaki, a kashe kyamarar, a kifa bakinta ƙasa, sabon lensin yana ajiye a buɗe kusa da hannu.

Rauni na gaske da waɗannan lensin ke da shi shi ne duhu. Lambar f tana nuna girman ƙofar da haske ke bi, kuma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Lensin zum na tafiya yakan fara daga f/3.5, da ka jawo sai ya koma f/5.6 ko f/6.3. A ɗakin cin abinci na jirgi, inda fitilu ke da laushi da ruwan ɗorawa, wannan bai isa ba. Kyamara za ta yi ɗayan biyu, ko ta rage saurin shata, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga, fuskoki su goge, ko ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, hoton ya cika da tsakuwa-tsakuwa. Ga lissafin: wurin da f/5.6 zai tilasta maka ISO 12,800, f/2 zai ba ka hoton a ISO 1,600, domin hasken da yake shigarwa ninki takwas ne. Shi ya sa ake riƙe ƙaramin lensi marar zum na biyu, wanda za a ɗaura bayan magariba.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Ka shiga shago ka ce kana son lensi mai haske, abin da za a fara miƙo maka shi ne 50mm f/1.8, domin shi ne mafi araha kuma masu hoton biki suna yabonsa. A kan babban sensa yabon ya yi daidai. A kan APS-C kuwa ya zama 75 ko 80, kuma a teburin mutum shida, da ka ɗaga shi fuskar mutum ɗaya za ta cika maka ido, ja da baya kuma babu, bayanka teburin wasu ne. Nemi 23 ko 24mm, ko iyaka 30 zuwa 35. Nikon na da Z DX 24mm f/1.7 ɗan ƙarami, Sigma na da 23mm da 30mm masu f/1.4, Canon na da RF 24mm f/1.8. Mai babban sensa ya ɗauki 35 ko 40mm.

Sai dai a kula, buɗe lensi har f/1.8 yana sa abin da ke fitowa da kaifi ya zama siriri. Ga fuska ɗaya abin sha'awa ne, bayan ya narke. Ga mutum biyar da ke zagaye da tebur, ɗaya zai fito sarai, sauran kamar a mafarki. Hoton taro yana son f/4 idan layi ɗaya ne, f/5.6 zuwa f/8 idan akwai na gaba da na baya.

Lensi mai faɗi sosai, irin 10 zuwa 20mm, yana da amfani a ɗakin kwana domin matsattse ne, da kuma lokacin da kake son dukan jirgin mai tsawon mita 300 ya shiga hoto daga bakin tasha. Amma wayar da ke aljihunka, idan kyamararta tana da zaɓin 0.5, ta riga ta yi wannan aikin. Bar shi a shago. Dogon lensi ma haka, a tsakiyar teku babu abin jawowa sai ruwa, kuma gaɓar da ke nesa tururin teku yakan lulluɓe ta kamar hazon hunturu, duk tsawon lensinka toka-toka za ta fito. Inda yake biyan kuɗin sabulu shi ne tafiyar da aka yi don namun daji ko manyan kifaye, kamar Alaska ko Nowe, ko in za a ratsa gandun daji a Afirka ta Kudu. A nan 70-300mm ya isa, ko 70-350mm na Sony.

Baƙar fata, farar shadda da hasken teku

Wannan shi ne abin da littafin da ke cikin kwalin kyamara ba zai gaya maka ba. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ta nemi matsakaici. A saman jirgi da tsakar rana, teku na ƙyalli, sama fari fat, fentin jirgin ma fari. Sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, kuma wanda ke shan wahalar ragin shi ne fuskar ɗanka. Ka duba allon ka ga teku shuɗi mai kyau, riga fes, fuska kuwa baƙi ƙirin, haƙora kawai ake gani. Laifin ba na kyamarar ba ne, ba kuma na fatar ba.

Gyaran farko shi ne maɓallin da ke da alamar tarawa da ɗebewa. Ƙara +0.7, in bai isa ba +1, ka sake ɗauka. Idan kyamarar tana da zaɓin auna haske daga fuskar da ta gano, kunna shi. Matsalar ita ce idan maigida ya sa farar shadda mai sheƙi, ƙarin hasken da ya gyara fuska zai ƙone rigar, aikin wuya da zanen shaddar su ɓace su zama farin fili. Kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa a allo, ka tsaya daidai inda rigar ta fara ƙiftawa kaɗan. Gyara na biyu shi ne filasha da rana tsaka, abin da mutane ke ganin kamar wauta ne. Ƙaramar filashar da ke kan kyamara, daga kusa, tana cike inuwar da hula ko mayafi suka jefa a fuska ba tare da ta taɓa teku ba. Ka tuna yawancin kyamarori ba sa barin shata ta wuce wajen 1/200 na daƙiƙa idan filasha na kunne, don haka a bar ISO a 100, a matse lensi zuwa f/8 ko f/11.

Gyara na uku ba ya cin ko sisi: matsar da mutanen. Sa su ƙarƙashin rumfa suna fuskantar fili, ko kusa da farin bangon jirgi wanda zai dawo musu da haske a fuska. Tufafi masu launi, atamfa ko shuɗi ko ruwan ƙasa, sun fi fari sauƙin ɗauka a teku, a bar farar shadda wa daren cin abinci na musamman. Kuma mafi kyawun hasken yini ga wanda ya tashi sallar asuba yake. Da gari ya fara wayewa saman jirgi babu kowa sai masu wanke dandamali, rana a kwance, launin fata na fitowa da ɗuminsa, sau da yawa kuma a lokacin ne jirgi ke shiga tasha. Sai kuma rabin sa'ar da ke gaban magariba. Wanda zai iya, ya sa kyamara ta riƙa ajiye RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, tare da JPEG na yau da kullum, domin daga RAW ana iya ɗago fuskar da ta yi duhu bayan an dawo gida.

Game da motsi, na'urar rage rawa tana gyara rawar hannunka ne kawai, ba ta tsayar da yaro mai gudu. Shata ce ke yin wannan. Yara na wasa, 1/500. Tsalle cikin ruwa ko kifin dolfin na bin jirgi, 1/1000 zuwa sama. Mutane na zaune a ɗakin abinci, 1/125. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa kyamara a S, a Canon kuma Tv, a zaɓi saurin, a bar ISO ya riƙa daidaita kansa da iyakar 6,400, fokas kuma a sa shi a mai bin motsi. Kada ka jingina kyamara ko gwiwar hannunka a kan ƙarfen gefen jirgi da nufin ta tsaya cik, girgizar inji tana bin ƙarfen ta shiga hoto. Jikinka ya fi shi shanye girgiza. Saboda wannan dalilin babbar ƙafa uku ta ɗora kyamara ba ta da amfani a saman jirgi, kaya ce kawai. Ƙarama mai tsawon taƙi ɗaya ta isa a ɗora a kan tebur a sa ƙidayar daƙiƙa 10 kowa ya shiga.

Gumin lensi da gishiri

Mazaunin Legas ya san wannan daga gilashin idonsa: ka fito daga mota mai sanyin AC a cikin damina, nan take ka daina gani. Haka zai faru da kyamarar da ta kwana a ɗakin jirgi mai sanyi. Ka fito da gudu an ce ga tsibiri, ka cire murfi, komai ya zama fari. Ka goge da ƙyalle, kafin ka ɗaga ya sake rufewa, domin gilashin har yanzu ya fi iskar sanyi, raɓa kuma za ta ci gaba da sauka a kansa har sai ya ɗumama. Wani lokaci ma a cikin lensin take, inda ƙyalle ba ya kai. Maganin shi ne a sa kyamarar cikin leda mai zif tun a ɗaki, a matse iskar, a fito da ita a ajiye minti 15 zuwa 30 kafin a buɗe. Raɓar za ta sauka a bayan ledar. Da dare kuma a ajiye jakar a cikin durowa nesa da inda sanyi ke busowa. Kada a cire lensi alhali yana gumi, danshin zai samu hanyar shiga ciki.

A gaban lensi a ɗaura filta marar launi tun kafin a bar gida, feshin gishiri ya sauka a kanta maimakon gilashi mai tsada. Girman filtar yana rubuce a bakin lensi kusa da wani ɗan da'ira mai tsaga: 55 ga na Sony da na Canon da muka ambata, 62 ga na Nikon, 67 ga Tamron. Filta ta biyu da ta cancanci kuɗinta ita ce mai kashe ƙyalli, wadda ake kira CPL. Ana juya ta a hankali har ƙyallin ruwa ya mutu, launin tekun ya fito, kuma ta fi aiki idan rana tana gefenka, ba gaba ko baya ba. Tana cin fiye da rabin haske, saboda haka a cire ta da an shiga ciki. Hular lensi kuma kullum a kai.

Kowane dare a yi shara, kuma a bi tsari. Da farko a hura da ɗan famfon roba domin yashi ya tashi. Sannan a goge jikin kyamara da lensi da ƙyallen da aka ɗan jiƙa da ruwan sha aka matse sosai. Daga ƙarshe gilashi, da ƙyallen gilashi mai laushi da ɗigo ɗaya na ruwan goge lensi a kan ƙyallen. Wanda ya fara da goga alhali ƙwayar yashi na kai ya zana wa gilashinsa layi na har abada. Bakin riga mai sitaci ma ba abin goge lensi ba ne.

Ranar da za a sauka a tsibirin da babban jirgi ba ya iya matsawa, kamar wasu wurare a gaɓar Mozambik, a ƙananan kwalekwale ake kwasar mutane kuma ruwa na fantsama. Babbar kyamara ta shiga jakar roba mai naɗe baki, ko ma ta zauna a ɗaki. Ranar ta ƙaramar mai shiga ruwa ce. OM System TG-7 tana jure zurfin mita 15 da faɗuwa daga kusan mita biyu, GoPro kuma mita 10 ba tare da wani gida ba. Irin wannan za ka iya miƙa wa yaro hankalinka kwance, sai dai a ɗaura mata igiya mai yawo a kan ruwa, domin hana ruwa shiga daban ne da hana nutsewa. Kafin a shiga a duba robar ƙofar batir, silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ta isa ta ba ruwa hanya. Bayan an fito a jiƙa ta a ruwan famfo kamar minti goma ƙofofi a rufe, ta bushe kafin a buɗe.

Batir, kati da wuta

Kyamara marar madubi takan ba da hoto 300 zuwa 400 a caji ɗaya, bidiyo kuma ya fi haka zuƙa. Batir uku, da caja mai ɗaukar biyu lokaci guda. Dokar jiragen sama ita ce batirin lithiyam da ba ya cikin na'ura ba ya shiga babban akwati, sai jakar hannu, a rufe bakinsa da tef ko a sa kowanne a ledarsa. Iyakar da ake wucewa da ita ba tare da neman izini ba 100Wh ce. Fawa banki mai 20,000mAh kusan 74Wh ne, ya wuce lafiya. Mai 30,000 da mutanen Legas ke so saboda ɗauke wuta ya kai 111Wh, ana iya tsayar da kai a kansa.

Soket ɗin ɗakunan jirgi yawanci irin na Amurka ne mai wuta 110, da irin na Turai mai baki biyu zagayayye. Namu mai ƙafa uku masu kusurwa ba ya shiga ko ɗaya, a sayi adafta biyu tun daga gida, a kuma duba an rubuta 100-240V a jikin caja. Ekstenshan mai kariyar hawan wuta, wanda kowane gida a nan yake da shi, yawancin kamfanonin jiragen ruwa sun haramta shi saboda gobara, za a karɓe a bakin shiga. Caja ɗaya mai bakin USB da yawa ta fi. Jirgi marar matuƙi ma a bar shi a gida, ba a barin a tashe shi daga jirgi, ƙasashe da dama kuma suna da tsauraran dokoki a kansa.

Kati kuwa, gara 64GB guda uku ko huɗu da babba guda ɗaya, in ɗaya ya lalace ba duka aka rasa ba. A nemi mai alamar V30, alamar saurin katin ce. Hoton RAW na kyamara mai megafiksel 24 yana cin kusan 25 zuwa 30MB, wato 64GB zai ɗauki wajen dubu biyu, amma bidiyon 4K a 100Mbps yana cinye 45GB a sa'a ɗaya. Intanet ɗin jirgi na kuɗi ne kuma ba a dogara da shi wajen tura manyan hotuna, don haka a riƙe ɗan abin karanta kati mai shiga waya a riƙa kwafe na kowace rana. A gyara agogon kyamara da an isa: Afirka ta Kudu tana gabanmu da sa'a ɗaya, Saudiyya biyu, Dubai uku. In ba haka ba, ranar da za a haɗa hotunan kyamara da na wayoyi za su cakuɗe.

Ranar shiga jirgi ana karɓar manyan akwatuna a tasha, sai bayan sa'o'i suke isa ƙofar ɗaki, kuma ba a hankali ake sauke su ba. Kayan hoto su kasance a kafaɗarka. A wurin binciken fasfo da na kwastan a mayar da kyamara jaka. A wurin ninƙaya a kiyaye iyalan mutane, kamar yadda ba ka so a ɗauki naka, a Daular Larabawa ma ɗaukar hoton mutum ba da izininsa ba laifi ne a doka.

Saye a Legas

Ko a Computer Village ta Ikeja ko a Alaba, sabo da tokumbo, wato na hannu, duk akwai, farashi kuma yana bin dala. Tokumbo ba abin gudu ba ne in an duba. Je da katinka da waya mai caji. Cire murfin lensi gaba da baya, buɗe ƙofarsa, kunna tocilan waya ka haska daga baya a karkace kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Abin da kake nema shi ne wani zare-zare fari mai rassa kamar saƙar gizo da ya faro daga gefe, fumfuna ke nan, kuma danshin Legas ne abincinta. In ka gan ta, ko mai shago ya ce "Alhaji, ba ya fitowa a hoto," ajiye masa kayansa, domin yaɗuwa take yi kuma tana cin fatar gilashi. Juya zum daga farko zuwa ƙarshe, kada ka ji ƙarar yashi ko wurin da yake maƙalewa. Ɗauki farin bango a f/16 ka zuƙo hoton, duk dattin sensa zai bayyana. Ɗauki allon shagon da ke tsallaken titi, ka duba ko rubutun gefen hagu da na dama kaifinsu ɗaya, in ɗaya ya fi laushi lensin ya taɓa faɗuwa. A rubuta maka lambar jikin kyamara da ta lensi a rasit.

Ka tabbatar bakin lensi ya dace da kyamara, sunan kamfani ɗaya bai isa ba. Canon na da EF da RF da EF-M, Nikon na da F da Z. Tsohon EF yana hawa RF da adafta, F ma yana hawa Z da adaftar FTZ, amma EF-M ba ya hawa RF ko ta ƙaƙa. Katin mimori na jabu ma ya yi yawa a kasuwa, a rubuta 128GB alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya riƙa karɓar hotuna yana lalata su ba ka sani ba. Kafin tafiya a cika shi taf a kwamfuta a duba, akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw da ke yin wannan gwajin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A sayi kayan aƙalla mako uku kafin a tashi, a ɗauki yara ranar Asabar a hau kwalekwale zuwa Tarkwa Bay. Duk abin da za ka gamu da shi a can yana nan a taƙaice: rawar ruwa, feshi, yashi, rana mai ƙyalli a bayan baƙar fuska, ga manyan jiragen kaya na wucewa zuwa Apapa da za ka gwada ƙarshen zum a kansu. Da dare a kashe fitilar falo a bar ɗaya, a gwada ƙaramin lensin a kan mutanen gida suna cin abinci.

Bayan an dawo, kada a jefa jakar cikin wadirob tsakanin tufafi. A sake goge komai da ƙyalle mai ɗan danshi, a cire batir, a bar kayan su sha iska, sannan a sa su a robar da murfinta ke rufewa gam tare da ƙullin silika, waɗannan 'yan ƙwayoyin da ake samu a kwalin sabon takalmi, amma a sayi mai yawa wanda ke canza launi idan ya ƙoshi da ruwa. Ɗan ma'aunin danshi a ciki ya riƙa nuna kashi 40 zuwa 50. In ya haura 60, a fito da silikar a gasa ta a wuta marar ƙarfi har launinta ya dawo, a mayar.